Gigin Tsufan Gavrila

A gidan Tsoho Gavrila babu wanda ya taɓa yarda shi ya ɓatar da abu. Kayan aikin ne kawai suke da ƙafafu. Toader, autan tsohon, wanda gida da gona suka koma hannunsa kamar yadda aka saba a ƙauyenmu, mutum ne mai ƙwazo, amma duk inda waya ta yi ƙara a aljihunsa, a nan abin da ke hannunsa yake kwana. Matarsa Domnica kuwa ba ta yarda akwai abin da aka ƙera don aiki ɗaya tak ba. Da filaya take sauke tukunya daga murhu, da ƙotar shebur take tokare ƙofar akurki, dutsen wasa lauje kuma shi ne daidai nauyin da take so a kan murfin gangar kabejinta mai tsami. Sai ɗansu Silviu, saurayi har da gemu, wanda ya dawo daga tsinkar lemo a Sifen da farin takalmi da kuma imanin cewa duk abin da ya ɓata akwai irinsa a kanti.

Shi kuwa tsohon yana da wata ɗabi'a tun yana da ƙarfinsa. Da yamma, in an tashi daga aiki, sai ya goya hannuwa a baya ya zagaye gonar, daga bakin rafi har gindin itatuwan tuffa, yana tsince abin da aka watsar. Ya goge, ya shafa mai, ya rataye kowanne a ƙusarsa a ɗakin kaya. Ba ya faɗa, ba ya gori. Ya san halin mutanen gidansa kamar yadda ya san na tumakinsa, wadda ke tsallake shinge da wadda ke maƙalewa a ƙaya, don haka ko bai ga abu ba ya san inda za a same shi.

Abin ya faro ne da wasa, wata safiya bayan ƙanƙara ta narke. Toader yana ta buɗe-buɗe a tsakar gida, Domnica ta leƙa har ƙarƙashin amalanke, Silviu kuma yana taya su nema da ido daga kan benci. Tsohon yana bakin ƙofa da kwanon tuwon masara da madara a cinya.

"Baba, ka ga gatari?"

"Jiya ruwa ya hana ni zagaye. Duba bayan akurki, kan kututture."

Toader ya je ya dawo da gatari a hannu, fuska ba yabo ba fallasa.

"Ikon Allah," in ji Domnica, ta riƙe ƙugu. "Mu uku mun kusa kifar da gidan nan, shi kuma yana zaune yana shan madara ya san inda yake. Baba, duba kake yi ne ba mu da labari?"

"Ba duba ba ne, 'yata. A can mijinki yake faskare jiya aka kira shi a waya."

"Ni?" in ji Toader. "Ni ko taɓa gatari ban yi ba jiya."

"To itacen da ke ci a murhu, kaji ne suka faskara?"

Silviu ya tuntsire da dariya har wayarsa ta kusa suɓucewa. "Tsoho, faɗi gaskiya. Kai kake ɓoyewa don a riƙa zuwa ana yi maka fadanci."

Kowa ya dara, har da tsohon, ya ɗaga cokali kamar zai ƙwala wa jikan a ka. Amma Toader ne ya fi kowa daɗewa yana dariyar, domin maganar ta sauke masa kaya.

Ta kuwa yi wa kowa daidai. Daga ranar, in abu ya ɓata ba a tambayar wa ya yi aiki da shi, sai a ce a tambayi Baba. In Baba ya faɗi wurin, aka je aka samu, sai a kalli juna. In kuma an hango shi da yamma yana tahowa daga gona da manjagara a kafaɗa, sai Domnica ta zunguri mijinta da gwiwar hannu: "Ga shi nan da idonka. Ina kuma zai kai ta?" Ƙusarta zai kai ta, inda take kwana tun kafin a auro Domnica, amma babu wanda ya taɓa bin bayansa ya gani.

Ran Lahadi a ƙofar coci Domnica ta sassauta murya ta gaya wa ƙawayenta, cikin tausayi na gaske, cewa gigin tsufa ya fara taɓa surukinta. Kafin tsakiyar mako labari ya zagaye ƙauye ya dawo ta kan shinge, a bakin Todosia, tsohuwar maƙwabciyarsu, wadda suka zauna benci ɗaya da Gavrila a firamare, kuma tun daga lokacin ba ta daina tsokanarsa ba.

"Gavrila, an ce ka jefa guduma a gangar kabeji, wai kana so ta yi tsami."

"Dutsen wasa ne, ba guduma ba. Kuma ni cirowa na yi."

"To ai shi ne. An gan ka da hannu cikin ganga har gwiwa." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta matso. "Kai ma da karambani. Wa ya aike ka? Bar musu kayansu su ruɓe a inda suka zubar. In sun nema sun rasa, sa san wanda ke yi musu bauta."

"Ƙarfe ne fa, Todosia. Raɓar kwana biyu ta isa ta ci bakinsa."

"Su suna cin mutuncinka, kai kana shafa wa ƙarfe mai. Tsohon banza kawai."

Ya bi shawararta, kuma ya daɗe bai sha wahala irin ta wannan makon ba. Zarto ya kwana a reshen tuffa inda Silviu ya rataye shi ya tafi kallon ƙwallo. Tsohon ya wuce ta gindin itacen da safe, ya wuce da yamma, yana kallon tsatsa tana hawa haƙoran zarton, hannuwansa a baya ɗaya ya damƙe ɗaya. Da aka zo nema ya ce bai sani ba. Ƙaryar farko ke nan da ya taɓa yi a kan kayan aiki, har kunnuwansa suka ɗau zafi.

Domnica ta ja mijinta kicin, sai dai muryar Domnica ba ta san bango ba.

"Ka gani ko? Da can in ya ɓoye yana tunawa. Yanzu tunawar ma ta tafi."

Washegari tsohon ya sauko da zarton da kansa, ya zauna a rana yana kankare tsatsar. Aka gan shi, aka kalli juna.

Toader ba mugun ɗa ba ne, kuma wannan ne ma abin haushin. Da mugu ne da an san da wa ake faɗa. Ya je kasuwar gari ya sayo kwaɗo mai kyau, ya garƙame ɗakin kaya, sannan ya zo ya tsugunna gaban uban da murya mai laushi.

"Don hutunka ne, Baba. Ka yi aiki ya isa haka. In kana son wani abu sai ka tambaye ni."

"In tambaye ka gudumata?"

"Ai tamu ce duka, Baba."

"Ni na fafe mata ƙota kana rarrafe."

"To ai shi ya sa muke so mu adana ta."

Mabuɗin bai yi mako ba ya bi sahun 'yan'uwansa. Ranar kuma tumaki sun karya shinge, kayan gyara duk suna ciki, har da ƙarfen da za a ɓalle kwaɗon da shi. Sai na Todosia aka aro aka ɓalle, daga baya shi ma aka neme shi aka rasa, ta yi kwanaki tana zagin gidan ta kan shinge, tun daga kakanni har kaji. Amma kafin a kai ga ɓallewa sai da aka yi abin da ya tsaya wa tsohon a rai. Domnica ta shiga ɗakinsa ta ɗaga katifa, ta zazzage takalmansa, ta buɗe har akwatin da rigunan marigayiyar matarsa suke. Toader kuma ya tsaya gabansa yana kallon ƙasa.

"Baba, ɗan ɗaga hannu in duba aljihu. Ba wai na ce ka ɗauka ba ne. Don dai a fitar da kai daga zargi."

Ya ɗaga. A tsakar gidan da ya gina da hannunsa ya tsaya, hannuwa a sama, ɗan cikinsa yana lalube shi. Aka samu hankici, da alewar da yake ajiye wa yaran maƙwabta, da 'yar wuƙar da yake feraye tuffa. Wuƙar ma Toader ya ce bari ya riƙe masa.

Mabuɗin ya bayyana ranar wanki, yana ƙwaram-ƙwaram a cikin injin wanki, daga aljihun wandon Silviu. Domnica ta juya shi a tafin hannu ta girgiza kai.

"Allah sarki Baba. Har aljihun yaro ya fara cusa kaya."

Mutum yana iya musu da maƙwabta, amma musu da mutanen da yake cin abinci da su kullum yana gajiyar da zuciya. Wata safiya tsohon ya nemi hularsa sama da ƙasa, sai a gilashin taga ya ga tana kansa. Wannan ya faru da kowa, har da limamin cocinmu, amma shi gabansa ya faɗi. Ya zauna bakin gado yana kiran sunayen tumakinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan gonakin da ke kan tudu da masu su, da waɗanda suka mutu suka bar su. Duk suka zo masa ba gargada. Duk da haka tsoro bai sake shi ba, domin an ce mai gigin tsufa bai san yana yi ba, to shi ta ina zai sani? Ya rage magana a wurin cin abinci don kada ya yi tuntuɓen suna a ce ga shi nan. Domnica ta lura, ta gaya wa ƙawayenta cewa yanzu ko magana ba ya iya haɗawa.

Sai lokacin yankan ciyawa ya zo. Filin ciyawarsu yana kan gangaren da inji ba ya hawa, don haka har yau gayya ake yi masa. Maƙwabta su zo da sassafe kowa da dogon laujensa, a jera a karkace, mai gida a gaba yana buɗe layi, sauran suna bin saurinsa, mata da 'yan mata su biyo baya da manjagara suna baza ciyawar ta sha rana. Dogon lauje kuwa ba a aronsa, domin da tsawon mai shi ake auna ƙotarsa. Tun Toader bai san hagu da dama ba Gavrila ke buɗe layin gidan nan, kuma duk abin da aka yi masa a bana ya haɗiye ne da sa ran wannan rana. In ƙauye ya gan shi a gaba, layi a miƙe, ciyawa tana kwanciya, maganar gigi ta mutu, zamansa a gidan ya dawo daidai.

Ana gobe gayya ya ce a buɗe masa ɗakin kaya zai bubbuge bakin laujensa a kan 'yar maƙera. Toader ya sosa ƙeya.

"Baba, bana dai ka huta. Lauje ba abin wasa ba ne, ga mutane gaba da baya."

"A gaba babu kowa. Ni ne gaba."

"To shi ne ai. In ka manta ka juyo fa?"

"In manta in juyo," tsohon ya maimaita a hankali. "To wa zai riƙe laujena?"

"Silviu. Nasa mun nema ba mu gani ba." Toader ya ɗago ya dube shi. "Ko ka san inda yake?"

Tsohon ya sani sarai. Yana soke a rufin bukkar gona tun bara, ranar da ruwa ya kore su Silviu ya cusa shi a can. In ya faɗa, shi ya ɓoye. In ya yi shiru, ya manta. Ya zaɓi shirun, don ya fi sauƙi a maƙogwaro.

Ranar gayya aka zaunar da shi a gindin tuffa kusa da kwandunan abinci, aka ce ya riƙa korar karnuka. Daga nan yake kallon Toader yana buɗe layi a karkace, yana kuma kallon laujensa a hannun Silviu. Yaron ya fi kakansa tsawo nesa ba kusa ba, ya duƙa a kan gajeriyar ƙota, bakin lauje sai caka ƙasa yake yi.

"Kai Silviu!" in ji wani daga baya. "Ciyawa aka ce ka yanka, ba dankali aka ce ka haƙa ba!"

"Ku bar shi, a Sifen haka ake yi!"

Kowace cakar ƙasa tsohon a haƙoransa yake jin ta. Rana ba ta yi nisa ba Silviu ya yar da laujen, ya ce bayansa ya riƙe, ya ɗauki manjagara ya koma cikin 'yan mata, daidai kusa da Dochia, yarinyar da yake nema. Da aka kira cin abinci aka aiki Dochia ɗebo ruwa a marmaro, sai gogan ya wurgar da manjagarar cikin yankakkiyar ciyawa ya bi ta da tulu. Manjagarar ta faɗi haƙora sama.

A ƙauyenmu tun yaro yana ƙarami ake ja masa kunne a kan wannan, manjagara ba ta kwanciya haƙora sama. Tsohon ya gani. Ya ce wa kansa ba ruwansa, karnuka aka ba shi. Sai ga Toader yana gangarowa, waya a kunne, ido a sama, ya nufo wurin kai tsaye. Tsohon bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya taho da saurin da gwiwoyinsa suka yarda, hannu a miƙe, yana kira, "Toader! Ƙafarka!" Toader ya waiwayo wajen muryar, ya taka.

Ƙau! Ƙotar ta miƙe ta gaishe shi a tsakiyar goshi. Waya ta yi gabas, hula ta yi yamma. 'Yan gayya suka kwashe da dariya har wani ya ƙware da tuwo, domin duk duniya babu wanda zai ga manjagara ta mari mutum ya riƙe dariyarsa. Kafin a gama dariyar goshin ya tashi kamar ƙwan agwagwa. Ga kuma tsoho tsaye a wurin, hannunsa a kan ƙotar.

"Wayyo ni Domnica!" Ta taho da gudu tana tafa hannu. "Mun ce ya zauna, mun ce ya zauna! Yau goshi, gobe idon wani! Jama'a kun dai gani da idonku, kada a ce ƙazafi nake yi wa surukina!"

"Ke, rufe mana baki," in ji Todosia daga cikin mata. "Mutumin nan tun safe yana gindin itace, ina kallonsa."

"Da wane idon, Inna? Wanda aka yi wa aiki ko ɗayan?"

Aka sake fashewa da dariya, shaidar Todosia ta bi iska. Tsohon ya ɗaga kai. Ga Silviu can ya dawo da tulu, Dochia a gefensa, mahaifinta kuma yana tsaye kusa yana goge wuya da hankici. Kaka da jika suka haɗa ido. Silviu ya sunkuyar da kai yana nazarin farin takalminsa.

"Ku yi haƙuri," in ji tsohon. "Ban lura ba ne."

Da yamma Silviu ya same shi a bakin ƙofa, ya miƙa masa ɗan kofin giyar tuffa, ya zauna a ƙasa yana tsinkar ciyawa.

"Tsoho, ka gane ai. Baban Dochia yana wurin. Da na buɗe baki shi ke nan, ya ce wannan ko manjagara bai iya ajiyewa ba, ina zai iya riƙe mata. Kai kuwa wa zai yi maka wani abu? Tsoho ne kai, komai ka yi an yafe."

"Haka ne," in ji tsohon. "Je ka ɗauko min laujena a gangare, ka bar shi cikin raɓa."

"Gobe da safe, tsoho. Wallahi gobe."

An kuwa yafe masa, irin yafiyar da ake haɗa wa mutum kaya a jaka. Toader ya kira yayarsa Rodica da ke aure a birni, a can saman wani dogon bene, suka yi magana mai tsawo. Sannan ya zo ya sake tsugunnawa, goshi ɗaure da tsumma.

"Likita ne kawai zai duba ka, Baba. Ka ɗan huta a wurin Yaya, in sanyi ya wuce ka dawo."

"Sanyin da ko alamar zuwa bai yi ba?"

"To ai gara a shirya da wuri."

Kowa yana da hujjarsa, kuma kowace hujja tana da tsabta. Toader ya ce shi ba zai jira sai an rasa ido ba. Silviu ya ce birni akwai ruwan zafi a famfo, shi da za a kai shi da ya gode. Domnica tana ninke rigunan tsohon tana hawaye na gaske, tana kuma auna tagar ɗakin da ido, domin in an yi bikin Silviu ai dole a sa sabon labule. Babu wanda ya ƙi shi a cikinsu. Sun dai gano cewa rayuwa ta fi sauƙi in akwai mutum ɗaya da za a jingina wa komai, kuma wanda ba ya ramawa.

Ranar tafiya Todosia ta leƙo ta kan shinge.

"Gavrila, in ka je birni don Allah kada ka ɓoye musu jirgin ƙasa."

"Sai dai in an bar shi cikin raɓa," in ji shi.

Ta yi dariya, sannan ta ja bakin ɗankwali ta rufe fuska ta shige gida.

Likitan birni ya tambaye shi ranar mako da sunayen jikokinsa, ya sa shi ya zana agogo a takarda, ya ce kan dattijon nan lafiya lau yake. Rodica ta kira gida ta faɗa. Domnica ta ce likita na ɗan lokaci ya gan shi, su kuwa da shi suke kwana suke tashi. Maganar dawowa ba ta taso ba.

Gidan Rodica babu abin ratayewa, babu abin gogewa. Tsohon yakan wuni a kujera kusa da taga yana kallon rufin motoci, hannuwansa a cinya sun rasa abin yi. Ganyaye suka fara zuba, lokacin haƙar dankali ya yi, sai ga waya daga Toader.

"Baba, ya jiki? Ya birni? Yaya tana ba ka abinci dai ko?"

"Lafiya lau. Ya tumaki?"

"Suna nan ƙalau. Am... Baba, fartanya fa. Babbar nan."

Tsohon ya rufe ido. Ya san ramin da ke gabansa, ya sha faɗawa ciki. Amma a talabijin an ce ruwa na zuwa kan tudu, dankali kuma ba ya jiran kowa.

"Wa ke haƙa?"

"Silviu ne ya fara."

"To bai gama kunyar ba. Je inda tonon ya tsaya, ka ɗaga ganyen da ya tara a gefe. A nan yake jefar da ita ya rufe, don kada a ga inda ya gaji."

Ya ji takun takalmi cikin taɓo, ya ji ƙarar ƙyauren lambu, karensu yana haushi, wata tunkiya tana kuka can nesa. Ya danna wayar a kunne da hannu biyu, har ya manta da zancen fartanya.

"Ga ta! Wallahi ga ta nan, Baba!"

Daɗi ya cika masa ƙirji, ya yi murmushi shi kaɗai kamar an ba shi kyauta. Sai dai Toader bai taɓa koyon kashe waya kafin ya jefa ta aljihu ba.

"Domnica! Na samu! Ƙarƙashin ganye ya binne ta kafin ya tafi!"

"Allah sarki Baba," muryar Domnica ta taho daga nesa. "Ko me da me ya binne mana a gidan nan? Sai mun shekara muna tonowa."

Ranar da ya bar gida dankalin nan fure yake yi. Tsohon ya ce, "Ka goge ta kafin ka rataye," amma da aljihun ɗansa yake magana.

Har yau kaya suna ɓata a gidan Toader, fiye ma da da, tunda babu mai zagayen yamma. Abin da aka samu an samu, abin da aka rasa a sayo sabo, kuma babu wanda ke jin kunya, domin mai laifin yana can saman bene ba ya musu. An yi wa ɗakinsa shuɗin fenti. Duk wanda ya tambaya a ƙofar coci sai a ce masa Baba yana samun kulawa, kuma a faɗa da zuciya ɗaya.

Ranar nan dai, tsohon bai ko ajiye wayar ba sai Rodica ta fito daga kicin tana jan aljihun tebur ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ka ga almakashina? Yanzun nan yana hannuna."

Yana kan firiji, inda ta ɗora shi da tukunya ta tafaso. Daga kujerarsa yana hango jan hannun almakashin ya ɗan leƙo. Rodica ta daina jan aljihunan, ta juyo ta dube shi, ta sassauta murya.

"Ba ka ɗauka ba dai ko, Baba? Ba faɗa zan yi ba."

"Ban gani ba, 'yata."

Ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu, ya juya fuska wajen taga.